Sauron da ya daina jin magani: sabo ne ko sauyin halitta?

Malam Babba: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ji wani likita a rediyo yana cewa sauron yanzu ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauro, wai kuma hakan na gaskata abin da masanin halittu Darwin ya rubuta a 1859, cewa halittu suna sauyawa har sabon jinsi ya fito. Ni ban yarda ba. Sabo ne kawai. Sauro dai sauro ne, bai taɓa zama ƙuda ba.

Anti Nas: Wa'alaikumus salam Malam. Sabo a jikin mai shi yake tsayawa, ba a gadonsa. Sauron da bai fi 'yan makonni a duniya ba, yaushe zai saba? Tun kafin a kawo maganin, a cikin dubban sauro akwai 'yan tsiraru da aka ƙyanƙyashe da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke hana maganin kama jijiyarsu sosai. Maganin kamar rariya yake: ya kashe masu rauni, ya bar waɗannan. Su ne za su yi ƙwai, 'ya'yansu su gaji abin. Bayan 'yan damuna sai ka tarar zuriyarsu ce ta cika gari. Kun tuna kulorokwin, mai sa mutum ya kwana yana susa? Haka ƙwayar cutar maleriya ta yi masa, har Najeriya ta sauya shi da wani magani a 2005.

Auta: Anti, kenan sikila ma haka take?

Anti Nas: Ƙwarai, ƙanena. Yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a inda sauro ya yi katutu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi. Wani masani, Anthony Allison, ya nuna hakan a gabashin Afirka tun 1954. Amma ga tsadarsa: duk wadda ta taɓa kwana da yaro mai SS ciwon ƙashi ya tasar masa ta san abin da nake nufi.

Malam Babba: Allah ya ba su lafiya. Amma har yanzu ba ki amsa mini ba, 'yata. Mai AS mutum ne, sauro mai taurin kai sauro ne. Ina sabon jinsin?

Likitan Dabbobi: Malam, bari in shigo. Da me ake gane jinsi biyu? Da cewa ba sa haɗuwa su haifi zuriya mai ɗorewa. Jaki da goɗiya suna haihuwar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa sai da ƙyar. Doki na da sandunan gado (wato 'yan sandunan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, ba su rabuwa biyu daidai wajen yin ƙwai ko maniyyi. Asalinsu ɗaya, sun rabu ne shekaru wajen miliyan 4, ƙofar da ke tsakaninsu ta kusa rufewa gaba ɗaya. To ita wannan rabuwar ana ganin farkonta a sauron namu. Wanda aka daɗe ana ɗauka jinsi guda ne mai suna Anopheles gambiae, a 2013 masana suka raba shi biyu, suka kira ɗayan coluzzii. Ko da madubin likita ba za ka bambanta su ba. Amma ɗaya ya fi yin ƙwai a 'yan kududdufan ruwan sama da ke bushewa da wuri, ɗayan a ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa, shi ya sa ya yawaita a wuraren noman rani. Mazansu ma in sun yi cincirindo da magariba, kowa da dandalinsa, don haka ba kasafai suke barbarar juna ba.

Alhaji na Kwari: Ku yi hattara fa. Allah ne ya halicci komai, kada boko ya kai mu inda ba mu so.

Anti Nas: Alhaji, babu wanda ya ja da wannan a nan. Abin da muke aunawa a ɗakin gwaji muke faɗa, kuma in muka ƙi gane yadda sauron ke sauyawa, gidan sauron da ba ya kisa za mu ci gaba da rabawa.

Malamar Bayoloji: Malam, ga wanda aka gani ido da ido. Peter da Rosemary Grant sun fara bibiyar wasu ƙananan tsuntsaye a wani ɗan tsibiri na Galapagos, can a tekun Pasifik, a 1973, suna auna bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi fari a 1977, ƙananan tsaba suka ƙare, sai masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jinsi guda suka mutu, masu kaurin baki suka fi tsira, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe bayan nan kuma bakinsu ya fi na da kauri. A 1981 wani baƙon namiji ya sauka daga wani tsibirin, ya haihu da 'yar gida. Kukan zuriyarsa ya sha bamban da na tsuntsayen wurin, sai suka koma haihuwa a junansu kaɗai, suka zama zuriya mai zaman kanta.

Malam Babba: Batun rariya na karɓa, ba sabo ba ne. Amma Likita, kai da bakinka ka ce "ba kasafai ba". In har suna haɗuwa jefi-jefi, wa ya ce sun zama jinsi biyu? Masana ne kawai suka ja layi.

Likitan Dabbobi: Gaskiyarka Malam, layin na mutane ne, kuma su kansu masanan suna jayayya a kai. A Gini Bisau ma an sami barbarar sauron biyu da yawa. Amma da a ce rabuwar rana ɗaya take faruwa, ai ba za mu tarar da masu tsaka-tsaki ba. Ga sauro da suka fara, ga doki da jaki da suka kusa gamawa, ga akuya da saniya da babu ko hanya.

Malam Babba: Tsuntsayen nan dai ina so in ga hotonsu. Malama, ki turo bayan la'asar, sai mu ɗora.