Hali Zanen Dutse Ne, Ko Kasuwa Ce Ke Zana Shi?

Dattijon Dala: Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Akwai ɗan marigayi ƙanena da na riƙe tun yana shekara 4, kuma abin da na gani a hannunsa makon jiya ne ya sa na ɗaura waɗannan baitoci masu amsa-amon "wa", domin duk mai amsa ya mayar mini da irinsu.

Na fara da sunan Rabbana,
Mai tsara halitta da rayuwa.

Na riƙe maraya a gidana,
Ba na barin sa ya kwana da damuwa.

Na kai shi ga allo tun da asuba,
Ya haddace izu 10 ba tsawa.

Da ya kai 15 na damƙa shi
Ga wani mai awon gero a kasuwa.

Ran Laraba na je sayen hatsi,
Na tsaya a gefe ina dubawa.

Na ga yana auna wa wata tsohuwa
Da kwanon da gindinsa ya sha bubbugawa.

Ya cusa babban yatsa a ciki,
Ya juye mata yana ta gaisuwa.

Ku gaya mini wanda ya koya masa,
Ko da halin ya zo tun haihuwa?

Ɗan Gobir: Allah ya ƙara girma, Baba.

Amsata ba za ta yi daɗi ba,
Ka yi mini haƙurin saurarawa.

Magabata sun ce hali zanen dutse,
Ruwan sama ba ya iya gogewa.

Ni da wana nono guda muka sha,
Tabarma guda muke shimfiɗawa.

Malaminmu guda, bulalarmu guda,
Tuwonmu a akushi guda ake zubawa.

Shi in ya tsinci kwabo sai cigiya,
Ni kuwa aljihu nake zurawa.

Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta,
Ba a kasuwa aka yi zanawa.

Malamar Tudun Wada: Ina gaida Baba. Na shafe shekaru masu yawa ina koyarwa a firamare, saboda haka ba zan iya yin shiru ba idan aka ce yaro ba ya tanƙwaruwa.

Ƙanena, ka kafa hujja da kanka,
Ita ce kuma ke shirin rushewa.

In har yau kana soke kuɗin tsintuwa,
Faɗa mana mu daina yabawa.

In kuwa ka daina, ashe dutsen nan
Yana karɓar wanki da gogewa.

Hadisi ya zo a Buhari da Muslim
Cewa kan fiɗira ake kowace haihuwa.

Iyaye ne ke karkata yaro
Zuwa hanyar da suke takawa.

Wani hadisin ya kwatanta abokai
Da mai turare da mai zugawa.

Na farko ko bai ba ka almiski ba,
Ƙamshinsa a rigarka yana maƙalewa.

Na biyu ko bai ƙona tufarka ba,
Warin maƙera kake kwasowa.

Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane haka,
Ta naɗa jaji, mata malamai, ta ba su malfar sawa,

Su bi ƙauyuka da waƙoƙinta,
'Yan Taru, mata ɗalibai, suna ji suna haddacewa.

Da hali ba ya jin magana,
Me zai sa ta yi wannan aikawa?

Mai Awo: Malama ta kawo nassi, ni kuma zan kawo abin da ke faruwa a rumfa, domin sana'ar da ake magana a kanta ita ce tawa, kuma ban ga amfanin ɓoye wa Baba yadda lissafinta yake tafiya ba.

Buhun gero kwano 40 ne,
Haka kowa ya sani a kasuwa.

Wani maigidan zai ce wa yaronsa
42 yake so ya ga fitowa.

In yaro ya auna da gaskiya,
Kuɗin abincinsa ake yankewa.

Tun Mayun 2023 da tallafin mai ya tafi,
Kuɗin mota yake ta hauhawa.

Da riba ta matse, wasu suka koma
Ga gindin kwano suna bubbugawa.

Ban ce halal ba ne, domin Muɗaffifina
Surar masu tauye awo ce da nake karantawa.

Amma kafin ka tuhumi yaron,
Ka tambayi wanda yake lissafawa.

Tsohon Soja: Ranka ya daɗe, na san abin da zuciyar uba take raya masa a irin wannan hali, shi ya sa na shigo.

A 1984 ina cikin kaki,
Muna yaƙi da rashin ɗa'a da tsawa.

Mun jera mutane a layi a tasha,
Mai makara aiki ya sha tsallen kwaɗo da durƙusawa.

A Agustan 1985 mulki ya sauya,
Ba a daɗe ba layi ya fara watsewa.

Dorina tana gyara tsayuwar mutum
Muddin mai ita yana dubawa.

In ka doke shi zai cika kwano
Ranar da ya hango kana tahowa.

Ɗan Gobir: Yaya Malama, kin kama ni, amma ban sauka duka ba.

Na daina soke kuɗin tsintuwa,
Kuma ba duka ne ya yi hanawa.

Wani tela ne ya ba ni makullin shagonsa,
Ya tafi Hajji ba ya ko waigawa.

Kunyar amanar nan ta ɗaure ni,
Na kasa taɓa ko zaren ɗinkawa.

Sai dai har yau ina da tambaya:
Me ya sa wana bai buƙaci gyarawa?

Dattijon Dala: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki shawarar Mai Awo da ta Tsohon Soja, sai dai abin da na jiyo ya wuce abin da na je nema.

Jiya da dare na kira shi zaure,
Ba dorina, ba ɗaga murya ko tsawa.

Ya ce lissafin Mai Awo daidai ne,
42 ake nema kafin rufewa.

Sai ya sunkuyar da kai ya ƙara
Maganar da ta hana ni runtsawa:

"Baba, ranar da mai bashi ya zo,
Kai ka ce in ce ka tafi kasuwa,

Alhali kana ɗaki a kishingiɗe,
Ina shekara 7, ba na mantawa."

Gobe da safe za mu je gun maigidansa,
Ni da shi, da sabon kwanon aunawa.

Tsohuwar nan kuma 'yar unguwarmu ce,
Zai kai mata cikon geronta, ina rakawa.