Ka san abin da ya kamata, amma babu halin yi: ma'aikatan lafiya ku zo mu tattauna

Nas, ɗakin yara, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ba kukan albashi ko gajiyar aikin dare na kawo ba. Wani nauyi ne da yake bin mu har gida. Lokacin ɓarkewar mashaƙo a 2023, akwai daren da yara uku suke fama da numfashi, silindar oksijin ɗaya ce ta rage mana. Muka sa wa wanda muke ganin zai fi tashi. Uwar ɗaya yaron tana kallona, ba ta ce uffan ba. Da asuba ya cika. Mahaifinsa har godiya ya yi mini, ya ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, wallahi, amma na san inda iskar ta tafi, kuma da hannuna na juya ta. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ungozoma, Jigawa:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nawa na sa hannu ne. Aka kawo yarinya, haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗa ya ƙi saukowa. Likita ya ce tiyata. Miji yana kudu wajen neman kuɗi, wayarsa a kashe. Yayansa ya ce shi ba zai sa hannu a yanka matar ƙaninsa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah, rai biyu ne." Ita kanta tana riƙe da hannuna tana cewa, "Anti, ku yi mini." Mace baliga mai hankali tana da ikon amince wa aikin da za a yi a jikinta, mun karanta wannan. Amma kowa tsoron abin da zai biyo baya yake, in ta mutu a kan tebur. Sai da la'asar aka samu mijin. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta bar asibiti da yoyon fitsari. Duk ranar awo sai na tuna ta.

Likita, sashen gaggawa, Zamfara:
Allah ya ba ku lada. Mu abin da ke cin ranmu shi ne doka tana bayanmu, aljihu ba ya bayanmu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa. Ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a karɓe shi ba sai da takardar 'yan sanda ba. To na karɓe shi. Ledar jini fa? Zaren ɗinki, ruwan ƙari, man janareta? Mutumin da 'yan bindiga suka kore wa shanu jiya, shi zan miƙa wa takarda in ce ya je ya saya? A Abuja aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya tun 2001, har yau ba mu kai ba. Amma ba minista ke tsayawa gaban dangi ba, ni ne. Yanzu karo-karo muke yi duk wata, mu da nas-nas.

Ma'aikacin lafiya, Maradi:
Nan Nijar tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne. Amma in gwamnati ta yi jinkirin biyan likita (wato asibiti) kuɗinta, kantin magani sai ya bushe. Ka rubuta wa uwa magani na jika biyar, ta ce, "Malam, ba kyauta aka ce ba?" Tana ganin kai ka cinye. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Mai kula da tsofaffi, Ingila:
Kada ku ɗauka fitowa waje magani ce. Kaya akwai, lokaci ne babu. Ina shiga gidan tsohuwa mai ciwon mantuwa, in yi mata wanka in ba ta magani, ta riƙe rigata ta ce in zauna kaɗan. Agogo kuma ya ce gida na gaba. Sa'ar kakata ce, in zare hannunta in ja ƙofa.

Sista mai ritaya, Zariya:
'Ya'yana, na ji ku. Wanda ya daina jin wannan ciwon shi nake tsoro, don na ga masu kirki da zuciyarsu ta bushe har suka koma yi wa mai naƙuda tsawa. Abu biyu suka taimake mu. Duk rashin da aka yi saboda babu kaya, a rubuta a littafin rahoto: abin da aka nema, ƙarfe nawa, wa aka sanar. Sannan kafin a miƙa aiki, waɗanda suka kwana a kai su zauna su faɗi abin da ke ransu, kada kowa ya tafi da shi shi kaɗai.

Nas, ɗakin yara, Kano:
Na gode Mama, za mu fara rubutawa in sha Allahu. Likita, don Allah karo-karon naku wa ke riƙe kuɗin, kuma yaya kuke zaɓar wanda za a biya wa in masu buƙata sun fi abin da ke hannu?