Hasumiyar Hanoi a aji: yaya ɗalibanku suka karɓe ta?

Malamin kwamfuta, babbar sakandare:
Salamu alaikum malamai. Ina so in shiga darasin aikin da ke kiran kansa a manhaja, wato mai warware matsala ta hanyar maimaita kansa a kan ƙaramar matsala irinta, kuma na ga yaran suna kallon allo kawai. Ina tunanin fara musu da Hasumiyar Hanoi: turaku uku, faya-fayai manya da ƙanana a jere kan turke guda, a kwashe su zuwa wani turken ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora babba kan ƙarami. Wa ya taɓa gwadawa?

Malama mai koyar da lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Ina yi duk shekara. Kwali nake yankawa, a zana da'ira uku a kan tebur da alli, ba sai an nemo katako da ƙusa ba. Faya-fayai 3 sukan gama da wuri, motsi 7 ne mafi ƙaranci. Ana ƙara na huɗu sai aji ya kaure, kowa na jan kwali. A nan nake tsayar da su in tambaya: me ya hana babban faifan tashi? Sai wani ya ce ukun da ke kansa. To ai ukun kun iya kwashe su, ku kai su turken tsakiya, babba ya wuce, ku dawo da su kansa. Bakwai da ɗaya da bakwai, 15. Daga nan su da kansu suke cewa na biyar 31 ne tun ba su taɓa kwalin ba. Kada ka rubuta musu 2ⁿ − 1, wato lissafin mafi ƙarancin motsi idan n shi ne yawan faya-fayan, bari su gano.

Malamin kwalejin ilimi:
Malama ta faɗi gaskiya, amma a kula da wata dabara da ɗalibai kan tsinto: ƙaramin faifai yana motsawa sau ɗaya cikin kowane motsi biyu, kullum yana zagayawa ta gefe guda. Da ita yaro zai gama wasan daidai, amma bai fahimci komai game da rarraba matsala ba. Ɗalibaina da suka zo da ita na sa su rubuta matakan a Python, wani harshen rubuta manhaja, sai suka tsaya cak. Waɗanda suka bi ta hanyar "kwashe na sama tukuna" layi kaɗan suka rubuta. Abin da ya fi ba su wuya shi ne inda aikin zai daina kiran kansa, wato idan faifai ɗaya ya rage.

Malamar firamare:
Ni 'yan aji shida nake ba wa, da murafan robobi. Ba na zancen manhaja sam. Labarin da ke jan hankalinsu shi ne wanda ya biyo wasan bayan Édouard Lucas, masanin lissafi ɗan Faransa, ya fito da shi a 1883: wai wasu masu bauta suna kwashe faya-fayai 64. Ko da motsi ɗaya a daƙiƙa, sai sun kwashe kusan shekara biliyan 585.

Malamin kwamfuta:
Na gode ƙwarai. Malamar lissafi, ajina ya cika maƙil, kina raba su rukuni-rukuni ne?

Malama mai koyar da lissafi:
Uku-uku. Ɗaya na motsawa, ɗaya na ƙirga, ɗaya na lura kada babba ya hau ƙarami, sannan su yi musanya.