Mazauna Japan, da gaske kuɗin tallafin karatu ba ya kai wata yanzu?

Ƙanwar Mubarak:
Assalamu alaikum. Allah Ya nufa na samu tallafin karatun gwamnatin Japan, digiri na biyu, zan tafi Sendai a watan Oktoba in sha Allah. A takarda an rubuta yen 144,000 duk wata. Malaminmu da ya yi nasa karatun a can wajen 2015 ya ce min har ajiya ya riƙa yi yana turo wa gida. To amma kwanakin baya Baba ya ji a rediyo cewa wani minista ya rasa kujerarsa saboda tsadar shinkafa, tun ranar hankalinsa bai kwanta ba. Don Allah yayyena da iyayena da ke can, kowa ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanwata, Allah Ya sa albarka. Abin da malaminku ya faɗa gaskiya ne a zamaninsa, amma Japan ɗin da ya bari ba ita za ki tarar ba.

Ina digiri na uku a Fukuoka. Yen 145,000 ne alawus ɗina ranar da na zo, shi ne kuma har yau, ko yen ɗaya ba a ƙara ba. Ina da ɗan littafin da nake rubuta cefane, yanzu na buɗe shi don kada in yi miki ƙari. A farkon 2024 jakar shinkafa mai kilo 5 ina sayenta ƙasa da yen 2,000. A watan Mayun 2025 na biya 4,300 da ɗoriya, a shago guda, shinkafa iri guda.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin Agustan 2024. An yi girgizar ƙasa a Miyazaki, hukuma ta fitar da gargaɗin cewa wata babba za ta iya biyo baya, sai mutane suka ruga suka kwashe shinkafa. Dama zafin bazarar 2023 ya lalata amfanin gona. Na zaga shago huɗu a kan keke, kowanne kanta wayam, sai 'yar takarda da aka manna ana ba da haƙuri, an rubuta jaka ɗaya ga kowane gida. Wata tsohuwa na tsaye kusa da ni tana kallon kantar, ta ce rabonta da ganin haka tun 1993. Mako biyu taliya da burodi na ci.

Ministan da Baba ya ji labarinsa shi ne Taku Eto na noma. Ya tsaya gaban jama'a ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ne ke ba shi kyauta. A watan Mayun 2025 ya sauka. Wanda ya gaje shi, Shinjiro Koizumi, ya buɗe rumbun gwamnati ana sayar da tsohuwar shinkafa wajen yen 2,000. Na bi layi na samu jaka ɗaya. Tana da ɗan warin ajiya, amma in aka yi dafa-duka ba a ganewa.

Kuɗin yana kai ni wata, saboda ina ɗakin kwanan jami'a kuma ni ke girkina. Ajiya ce dai ta zama sai an yi da gaske.

Maman Hanifa:
'Yata, ni ba ɗaliba ba ce, maigidana ne ke aiki a Saitama, shekararmu tara da yara uku. Abin da zan ƙara a kan na Ɗan Gwammaja shi ne, mu Musulmi tsadar ta fi kama mu, domin kusan duk abin da muke ci daga waje yake zuwa. Kazar halal daga Birazil, naman rago daga Ostareliya, shinkafa doguwa daga Indiya da Pakistan da Tailan. Duk ranar da yen ta faɗi, a tukunyata nake fara gani. Ada in na je Shin-Okubo, wata unguwa a Tokyo, sayayyar wata nakan cika jaka biyu in kira maigida ya tare ni a tashar jirgi. Yanzu da kuɗin nan guda ni kaɗai nake ɗauko kayana.

A sanyin farkon 2025 har kabeji ya fi ƙarfinmu, na ga ana yanka shi gida huɗu ana sayarwa. Ƙwai ma ya yi tashin gwauron zabo a 2023 lokacin murar tsuntsaye. Na koyi zuwa shago bayan ƙarfe bakwai na dare, lokacin da ma'aikaci ke zagawa yana manna takardar rabin kuɗi a kan kifi da kayan miya. Za ki ga tsofaffi 'yan fansho suna binsa a baya a hankali, babu mai ture wani. Abin yana taɓa min zuciya, don mutane ne da suka yi lissafin tsufansu a kan cewa farashi ba ya motsi.

Akwai wani ɗan abin ƙwalama na yara, Umaibo. Yen 10 yake tun 1979, ya koma 12 a 2022, sannan 15 a 2024. Maƙwabciyata ta ce ita da 'yarta da jikarta duk a yen 10 suka san shi.

Malam Na-Zariya:
Hajiya ta taɓo jijiyar maganar. Na zauna a Kobe daga 2013 zuwa 2018 ina karatun tattalin arziki, na kuma koma aikin bincike a 2023, don haka na ga fuskokin biyu.

A zamana na farko, damuwar gwamnati ita ce farashi ya ƙi tashi. Na san Bahaushe zai ce ai wannan ni'ima ce. To amma albashi ma ya ƙi tashi, kamfanoni sun ƙi zuba jari, matasa suna ta aikin wucin gadi. Tun fashewar kasuwar filaye da hannun jari a farkon shekarun 1990 ƙasar ke cikin wannan hali. A 2013 Babban Bankin Japan ya sa wa kansa burin hauhawar farashi ta kai kashi 2 cikin ɗari, gwamnansa Haruhiko Kuroda ya yi ta zuba kuɗi, a 2016 ya mayar da kuɗin ruwa ƙasa da sifili. A 2016 ɗin na ga tallan talabijin inda shugaban wani kamfanin ƙanƙarar sha da ma'aikatansa suka jeru suka rusuna suna ba da haƙuri, don sun ƙara yen 10 bayan shekara 25. Na kira abokina a Samaru na ba shi labari, ya ce ƙarya nake.

Sai 2022. Yaƙin Yukiren ya ɗaga mai da gas da alkama. Amurka ta yi ta ƙara kuɗin ruwa har ya haura kashi 5, Japan ta tsaya cik a ƙasa da sifili. Mai kuɗi kuwa inda riba take can yake kai kuɗinsa. Dala da take wajen yen 115 a farkon 2022 ta haura 160 a tsakiyar 2024, abin da ba a gani ba tun 1986. Ƙasar da ke shigo da kusan duk makamashinta, kuma abincin da take nomawa bai wuce kashi 38 na abin da take ci ba, dole abin ya sauka a kanta. A Janairun 2023 hauhawar ta kai kashi 4.2, mafi girma cikin shekara 41.

Kazuo Ueda ya karɓi bankin a Afrilun 2023. Sai Maris 2024 ya fitar da kuɗin ruwa daga ƙasa da sifili, ya kai 0.25 a Yuli, sannan 0.5 a Janairun 2025. Me ya sa tafiyar hawainiya? Bashin gwamnati ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, mafi yawan masu bashin gida kuɗin ruwansu mai sauyawa ne, ga tsoron komawa gidan jiya. Kwana kaɗan bayan ƙarin Yulin 2024, ranar 5 ga Agusta, kasuwar hannun jarin Tokyo ta faɗi da kashi 12.4 a yini ɗaya.

A ganina sun makara. Ƙungiyoyin ƙwadago sun samu ƙarin albashi sama da kashi 5 a 2024, amma wannan na ma'aikatan da ke da ƙungiya ne. Ɗalibi da ɗan fansho da mai aikin awa-awa su ne suka biya kuɗin haƙurin da bankin ya yi.

Ɗan Damagaram:
Malam, Allah Ya ƙara sani. Ni ina aiki a masana'antar kayan mota a Aichi, gida kuma Zinder. Mu namu ciwon daban ne da na 'yan Najeriya, saboda sefa tana ɗaure da yuro. A farkon 2022 in na tura wa Inna yen 10,000 tana karɓar wajen jika hamsin. A tsakiyar 2024 bai kai jika arba'in ba. Ta kira ni tana tambaya ko an rage min aiki ne ina ɓoye mata. Na rasa yadda zan yi mata bayani cewa aikina yana nan, kuɗin ne ya rame a hanya. Dole na ƙara karɓar aikin dare don adadin da take karɓa ya koma yadda yake. Wasu abokan aikina 'yan Biyetnam sun fara maganar Koriya da Taiwan saboda wannan dalili.

Ɗan Gwammaja:
Mu kuma yen ta faɗi, amma naira ta fi ta faɗuwa tun 2023, don haka abin da ake karɓa a gida ya ninka a lamba. Sai dai in Hajiyarmu ta kai shi kasuwar Rimi, bai sayi abin da yake saya da ba.

Alhajin Ƙofar Ruwa:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni ta ɗaya gefen nake. Ina shigo da injina da ƙafafuwan mota na hannu daga Japan shekara goma sha biyu. Da dala nake zuwa, don haka faɗuwar yen alheri ce gare ni a farko. A 2023 da kuɗin da nake cika kwantena ɗaya na ƙara injina a kai, otal da abinci kuma suka zama kamar kyauta. Amma daɗin bai daɗe ba. Duk duniya ta gane, 'yan Pakistan da 'yan Dubai da 'yan Rasha suka cika wuraren gwanjo, farashi ya hau. Rikicin Bahar Maliya ya ɗaga kuɗin jirgin ruwa. Kaya na isowa Legas, kuɗin fito da canjin naira suka cinye sauran. Tsohon da nake saye a wurinsa a Chiba ya ce min wuta da gas ɗin yanka ƙarfe da kuɗin ma'aikata duk sun tashi, 'ya'yansa kuma babu mai son gadon sana'ar. Bara ya rufe yadin. Har yau ban samu mai amanarsa ba.

Bakatsine a Guangzhou:
Mu nan Sin akasin haka ne. Daga ƙarshen 2022 farashin kaya a bakin masana'anta ya yi ta sauka. Mai masana'antar da ada sai ka yi odar dubu yake kula ka, yanzu ɗari biyu ma zai biyo ka har masauki. Mutanensu sun rage kashe kuɗi tun da kasuwar gidaje ta rushe. Da na karanta bayanin Malam sai na ga kamar hanyar da Japan ta fito ce su suke shiga.

Malam Na-Zariya:
Haka masana da yawa ke tsoro, Bakatsine. Koriya ta Kudu kuma ta riga Japan, tun Agustan 2021 ta fara ƙara kuɗin ruwa har ya kai 3.5.

Maman Hanifa:
'Yata kada maganganunmu su karya miki gwiwa, ki zo. Ki nemi ɗakin jami'a tun yanzu. A filin jirgi ki cike takardar izinin aiki, ana barin ɗalibi awa 28 a mako, amma ki fara shawara da malaminki. Sendai akwai sanyi, kuɗin ɗumama ɗaki daga Disamba zuwa Maris ki ware shi daban. Kada ki sa kilishi ko dambun nama a jaka, an hana shigo da nama kuma ba sa wasa da dokar.

Ɗan Gwammaja:
Abu ɗaya da na manta: alawus na farko ba ya shigowa sai bayan wata guda ko fiye, shi ya sa a takardarsu suke cewa a zo da kimanin dala 2,000. Ni da 800 na zo, na sha wuya ƙwarai, sai da wani ɗan'uwa Bagane a masallaci ya ranta min.

Ƙanwar Mubarak:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka bayan sallar Isha'i. Ya yi shiru, sannan ya ce in sake karanta masa na Ɗan Damagaram. Ya ce kada in kuskura in turo ko sisi a shekarar farko, kuma gobe zai je Wapa ya ji nawa dala 2,000 za ta kama. Mama Hanifa, in na sauka zan neme ki.