Ina so in bar aiki a Legas in koma gida yin bishara, amma maiɗakina ba ta yarda ba

Mai tambaya:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni direba ne a wani kamfani a Apapa, muna zaune a Agege da maiɗakina da yara uku, duk 'yan makaranta. Ƙauyenmu a kudancin Kaduna ba shi da mai bishara, rufin majami'ar ma ya lalace. Abin ya daɗe yana damuna, ina so in ajiye aiki in koma in riƙe wurin. Maiɗakina ta ce ba yanzu ba. Tunda abin alheri nake nufi, yaya zan gane ko nufin Allah ne ko nawa?

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, buɗe 2 Sama'ila 7. Dawuda ya so ya gina wa Ubangiji Haikali, annabi Natan ma ya ce masa ya je ya yi. A daren nan Allah ya mayar da Natan da wani saƙo: ba Dawuda ne zai gina ba, ɗansa ne. Lura da abu biyu. Na farko, har bawan Allah yakan amince da abu don kyawunsa alhali bai tambayi Ubangiji ba, saboda haka "Allah ya taimaka" da fasto ya ce maka a ƙofar coci bai isa hujja ba. Na biyu, Allah bai raina burin Dawuda ba. A 1 Sarakuna 8:18 ya ce masa ya kyauta da ya sa abin a ransa. Dawuda kuma bai naɗe hannu ba, a 1 Tarihi 22 ya tara dutse, ƙarfe, tagulla da katakon al'ul, ya ajiye wa Sulemanu. Mai yiwuwa nauyin da kake ji daga Allah yake, amma rabonka shi ne kwanon rufi da tallafa wa mai bisharar da za a tura. Albashin Apapa zai iya wannan.

Malamin makarantar Lahadi:
Ƙari a kan maganar Baba: akan yi kuskure a hanyar yin abu ko da niyyar tana da kyau. Uzza ya miƙa hannu ne don kada akwatin alkawari ya faɗi, amma ya mutu nan take (2 Sama'ila 6:6-7). Tun farko aka kuskure, an ɗora akwatin a keken shanu, alhali Lawiyawa ne aka umarta su ɗauka a kafaɗa da sanduna. Dawuda ya amsa haka da bakinsa a 1 Tarihi 15:13. A naka batun, ka'idar a rubuce take: 1 Timoti 5:8 kan ciyar da iyali, Luka 14:28 kan lissafin kuɗi kafin a fara gini. Ɗauki takarda ka rubuta watan da kuɗin hayarku zai ƙare, kuɗin makaranta na shekara guda, abincin wata shida, da abin da za ku ci a gida kafin amfanin gona ya shigo. In lissafin bai fita ba, kada ka kira giɓin bangaskiya.

Uwa a zumuntar mata:
Ƙanena, "ba yanzu ba" daban yake da "a'a". Ka zauna da ita, ba a gaban yara ba, ka tambayi abin da take tsoro: tsaro ne, karatun yara ne, ko sana'arta? Ku keɓe wata uku kuna addu'a tare, da azumi rana ɗaya a mako. Mai bisharar da ya ja matarsa ƙauye tana kuka, ikilisiya za ta gani kafin ya hau bagade.

Mai bishara:
Ina tsoron kada yawan taka-tsantsan ya kashe kira na gaskiya. Wahala ba alamar "a'a" ba ce. 'Yan mishan Gowans da Kent da Bingham sun sauka a Legas ɗin nan a 1893, biyu na farko suka rasu a 1894, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, aikin da ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinsa. Bulus ma yana cikin tafiya ne Ruhu ya hana shi Asiya da Bitiniya, sannan aka nuna masa Makidoniya (Ayyukan Manzanni 16:6-10). Don haka ka motsa, amma kada ka rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Karɓi ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a sashen Hausa na cocinku, ka riƙe shi wata shida ba fashi. Hutunka na shekara ka yi shi a ƙauyen kana koyarwa, za ka ga ko suna karɓar maganarka. Kai batun gaban fasto da dattawa a rubuce, domin a Antakiya ikilisiya ce ta yi azumi, ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, ta sallame su (13:2-3).

Mai tambaya:
Na gode, Baba da Mama da sauranku. In dattawa sun amince fa, amma ba ni da horo?

Dattijon ikilisiya:
Sai su ba ka takardar shaida zuwa makarantar tauhidi. In ɗan ECWA ne kai, akwai Kagoro kusa da gida, akwai Jos da Igbaja, kuma EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, ce ke tura masu bishara. Ka tambayi tsawon karatun da kuɗinsa kafin ka sa hannu a hayar baɗi. Rufin majami'ar kuwa ba ya jiran wannan duka: a sa kafinta ya ƙirga bandir nawa na kwano ake bukata, ka kawo lissafin gaban taron 'yan garinku na Legas kafin damina.