Na kwaikwayi kwantirolar famfon sola, an ce za a maka ni a kotu

Mai gyaran sola, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyi da malaman da ke cikinmu. Ina da ɗan shagon gyaran inbata a Sabon Garin Zariya. Bara da rani wani manomi daga fadamar Galma ya kawo mini kwantirolar famfonsa na sola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke juya famfon, ta ƙone, ga tumatirinsa ya fara fure, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. Na kwance ta, na yi kwana uku ina bin layukan allon da mita ina zanawa a bayan kwalin taliya, na haɗa tawa da kayan matattun inbatoci. Har rani ya fita ba ta yi ko tari ba. Yanzu manoma goma sha biyu sun ce in haɗa musu.

To a jikin ta asalin an rubuta cewa ƙirar tana da rajistar haƙƙin mallaka, wato fatent. Wani dillali mai shigo da su ya ce in na sayar ko ɗaya kamfanin zai maka ni a kotu. Gaskiya ne? Kuma a addinance halal zan ci ko haram?

Baban Ummi:
Dillalin nan kasuwarsa yake karewa. Kamfanin da ke wata uwa duniya ina ya san Sabon Gari? Ci gaba da aikinka kawai.

Barista, Kongo:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, "ina ya san ni" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ƙanena, fatent ba ya tsallake iyakar ƙasa. Wanda aka yi a China ko Jamus ba ya ɗaure kowa a nan, sai in sun zo Abuja sun yi rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, bisa dokarmu ta 1970. Wa'adinsa shekara 20, kuma in aka daina biyan kuɗin shekara-shekara ya mutu. Yawancinsu ba sa ma wahalar zuwa. Wani bincike da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ofishin fatent na Turai suka fitar a 2013 ya gano cewa abin da aka shigar a Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatun fatent na makamashi mai tsafta ba.

Duba lambar da ke jiki ka saka a Google Patents, sannan a sa lauya ya bincika maka a Abuja. Abu biyu ne nake ji maka tsoro. Kada ka sa sunansu ko tambarinsu a jikin taka. Kuma in ka kwafo manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, wannan wata doka ce daban, ta haƙƙin marubuci, ita kuwa ba ta jiran rajista.

Injiniya, Samaru:
Barista ta gama magana. Ni dai kullum ina faɗa wa ɗalibaina ba takarda ce ta tsare mu ba. An ƙera farantin sola na silikon tun 1954 a Amurka, fatent ɗinsa na farko ya daɗe da mutuwa. China ta ɗauka ta yi ta bugawa har ta kama sama da kashi 80 cikin 100 na ƙirar duniya, farashi ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2020. Me ya hana mu? Jari, tsadar dala, da rashin hannun da ya saba. Mai fatent ma dole ne ya bayyana yadda abinsa ke aiki, da zane da komai, ga su nan kyauta ba mai karantawa.

Ni tambayata daban ce. In rijiya ta ƙafe famfo yana juyawa a bushe, taka tana kashe kanta?

Yaya Asabe:
Injiniya, kada ka wanke kamfanonin nan tas. Mun ga abin da aka yi da maganin ƙanjamau, sai da aka kai ruwa rana kafin sanarwar Doha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 2001 ta tabbatar wa ƙasashe damar ba da lasisin dole, wato gwamnati ta yarda a ƙera abu ko da mai fatent bai ba da izini ba. A taron sauyin yanayi na Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu tasowa sun nemi irin wannan sassauci kan fasahar makamashi, masu kuɗi suka ƙi. Tsohon abu suke bar mana, sabon yana kulle. Ba sa rajista a nan ne don sun raina kasuwarmu, ranar da muka fara ƙira da gaske za ka gan su a layi a Abuja. Kai kuma ɗan'uwa, in ka fara kai kaya Maraɗi ka sake bincike, don Nijar tana cikin ƙungiyar rajistar fatent ta ƙasashen Afirka mai suna OAPI, rajista ɗaya a Yawunde ta Kamaru ta game ƙasashe 17.

Malam, Tudun Wada:
Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ke karewa. Don haka a yi binciken da Barista ta ce tukuna. In ya tabbata ba su da haƙƙi a nan, ban ga abin da ka ɗauka na wani ba. Amma ka faɗa wa manoman cewa haɗin Zariya ne, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu. Allah ne mafi sani.

Mai gyaran sola, Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. Anti Barista, lambar da CN ta fara, na ga ta China ce. Manhaja kuwa ban taɓa tasu ba, a kulle take, wani abokina ne ya rubuta mini. Nawa binciken Abuja zai ci?

Injiniya, ka kama ni. Ba ta kashe kanta, manomin ne ke zama kusa yana sauraren ƙarar famfo. In ba damuwa zan kawo ta Samaru ranar Asabar bayan la'asar, da kwalin taliyar.