Dan Allah a bani shawara kafin in zuba kuɗina a darbil ɗin nan (madubin saiti na bindiga)

Abu Yasir, Jidda:
Assalamu alaikum shabab da iyayenmu na gidan nan. Wlh abin ya dameni shi yasa na kawo shi nan. Inada saktun, wato bindigar iska, mai ƙwaya mili 5.5 irin mai karyawa, ta sifirin ce kuma tana da ƙarfi sosai, rukhsarta, wato lasisinta, da sunana take a manhajar gwamnati ta Absher. Ran juma'a bayan la'asar nake zuwa mazra'ar kawuna, wato gonarsa, ta wajen Khulais in kafa kwali ina harbi daga mita 25 zuwa 30, wani lokaci kuma ɓerayen da suka addabi ɗakin abincin tumaki. Cikin wata bakwai darbil biyu na kashe. Na farko zaren saiti na cikinsa ne ya karkace, na biyu kuma in saita shi yanzu ya zauna daidai, harbi ashirin sai inga ƙwaya ta koma gefe, ka girgiza shi kaji wani abu yana ƙara a ciki. Duk masu araha ne, na yarda.

Yanzu wani abokin aikina zai sayar min da nashi, ƙirar Jamus, 3-12x56 (yana ƙara girman hoto ninki 3 zuwa 12, gilashin gaba mili 56), bututun mili 30, na bindigar harsashi ne amma sabo fil yake, yace in bada riyal 4,500. Na leƙa cikinsa dab da magariba wlh kamar an kunna fitila, tunda nake ban taɓa ganin gilashi irin wannan ba. Kuɗin wata da watanni na tara su, bana so inyi asara ta uku. In saya ko in haƙura?

Baba Sale, Makka:
Wa alaikumussalam ɗana. Tsaya tukun, kar ka bada ko riyal ɗaya. Ba arha kaɗai ce ta kashe maka su ba, bindigarka ce. Bindigar harsashi shuri ɗaya takeyi, baya. Ta sifirin biyu takeyi: kana sakin kunama fistin zai ruga gaba bindiga ta ja baya, yana kaiwa ƙarshe ya daki iskar da ya matse sai ta fizgu gaba, duk kafin ƙiftawar ido, ga karkarwar sifirin a kai. Wannan fizgar ta gaba ita ke kwance gilasai a ciki, don da yawan darbil an ɗaure kayan cikinsu ne don shurin baya kawai. Na taɓa ganin babban darbil da ya shekara kan bindigar farauta lafiya lau, aka ɗora shi kan saktun ko gwangwanin ƙwaya ɗaya bai ƙarar ba. Bance na abokinka zai mutu ba, wasu masu tsadar suna jurewa, amma ka rubutawa kamfanin ka tambaya ƙarara ko sun yarda a ɗora shi kan ta sifirin, kuma ko garanti yana bin wanda ya saya hannu na biyu.

Bashir Hindawiyya:
Baba da girmanka amma ni inaga tsoratashi kawai akeyi. Shekara biyu kenan darbil ɗin Vortex ne a kan tawa ko sau ɗaya saiti bai motsa ba. Abu mai kyau ai mai kyau ne ya akhi, ka saya kawai khalas

Baba Sale, Makka:
Bashir taka ba mai tulun iska bace, PCP? Ita ai bata shuri, ko me ka ɗora mata zama zaiyi. Ba maganarku ɗaya ba.

Bashir Hindawiyya:
Gsky ne Baba PCP ce, ban lura tashi ta sifirin bace, a yafeni

Malam Haruna, Madina:
Ni abinda yafi damuna ba shurin bane ma. Abu Yasir duba gefen hagu na darbil ɗin, akwai wani maɓalli na uku mai lambobin mita? Ko zobe a bakin gilashin gaba da ake murɗawa? In babu to faralaks ɗinsa, wato nisan da hoto da zare ke haɗuwa daidai, a kafe yake, irin waɗannan na farauta yawanci a mita 100 ake kafe su, na Amurka kuma yadi 100 wato wajen mita 91. Kai kuma a 25 kake harbi. Abinda zai faru shine in ka ƙara girman hoto zuwa 12 kwalin zaiyi dishi-dishi, sannan duk sanda idonka ya ɗan kauce daga tsakiya zaren zai yi yawo a kan kwalin alhali bindiga bata motsa ba, kayi ta zargin hannunka ko ƙwaya. Gwada da kanka tun kafin ciniki: ajiye shi kan buhun yashi, auna abu a mita 20, kar ka taɓa shi, kaɗa kanka sama da ƙasa kana leƙawa. In zaren yana gudu a kan abin to ka samu amsarka. Na saktun dole ya iya saukowa zuwa mita 10, shi yasa irinsu Hawke Airmax da akayi su musamman don bindigar iska suke da wannan, kuma zarensu a jikin gilashi aka zana shi, ba waya bace da zata tsinke ko ta karkace kamar naka na farko.

Kuma 56 ɗin nan da ya burgeka, don masu farauta da duhu-duhu a dazukan Turai akayi shi. Mu nan rana ce tayi mana yawa. Sai ka sa masa ƙafafu dogaye kafin ya tsallake bindigar, kumatunka ya tashi daga kan katako, ga nauyi, kuma duk yadda darbil yafi nauyi haka shuri ke fin jan shi a kan layi.

Abu Yasir, Jidda:
Jazakumullahu khairan. Malam na kirashi yanzu ya duba, babu maɓallin gefe babu zobe. Wani abu kuma da ban faɗa ba, duka biyun da suka lalace sai da na murɗa na saman har ya kusa ƙurewa kafin ƙwaya ta hau tsakiya, da farko ƙasa sosai take bugawa. Ko wannan ma yana da alaƙa?

Injiniya Musa, Riyad:
Yauwa!! ai nan gizo ke saƙar. Da yawan masu karyawa hancinsu yana ɗan kallon ƙasa in ka haɗa shi da layin da darbil ke zama, don darbil a jiki yake shi kuma hanci a kan maƙalarsa yake juyawa. A cikin darbil akwai ƙaramin bututu da wani ɗan sifirin ke tokare da shi, in ka murɗa na sama har ƙarshe sifirin ɗin ya saki, bututun yana lilo, kowane harbi ya zauna a sabon wuri. Inaga na biyun naka haka ya fara kafin ya ƙarasa. Ko na 4,500 ka ɗora a haka wahalar zai sha. Maganin a mazauni yake: nemi mai guda ɗaya ba zobe biyu a rabe ba, na layin mili 11, wanda aka ɗan ɗaga bayansa don gyara wannan sunkuyon, mai ɗan ƙusa a ƙasa da ke faɗawa ramin saman bindiga don kar ya ja baya. Ka tabbata zoben daidai da bututu ne, 25.4 daban 30 daban. Ƙusoshin saman zoben kuma kar ka ɗaure su da alanki kamar kana ɗaure taya, bututu yana lotsewa, bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali.

Wajen saiti mutane na rikicewa da lissafi. In an rubuta 1/4 MOA (ma'aunin motsin saiti) a kan maɓallin, ƙas ɗaya na murɗawa wajen mili 7 ne a mita 100, a mita 25 bai kai mili 2 ba, yani santi biyu kacal sai ka murɗa wajen sau goma sha ɗaya. Harba biyar ka duba tsakiyarsu sannan ka murɗa, kar kabi ƙwaya ɗaya ɗaya. Ka tsaya kan ƙwaya iri ɗaya, ta kamfanin JSB ko H&N duk wadda bindigar tafi so, kana canzawa saiti ya canza. Sannan ta sifirin bata son a matse ta, ɗora ta kan tafin hannu a wuri ɗaya kullum ka barta tayi shurinta, kar ka ɗora katakonta kan ƙarfe ko bulo.

Kawu Idi, Usfan:
Duk sun faɗi gaskiya. Nawa biyu ne. Kar ka bar darbil a mota da rana, kasan zafin Jidda da damshinta, kuma in ƙura ta hau gilashi hure ta tukun, kana gogewa da gefen riga ka kankare shi. Na biyu yaro, kwali da ɓera a gonar kawunka daban, tsuntsu daban. In zakayi farauta sai da izini ta dandalin Fitri na hukumar kula da namun daji kuma a lokacinta, cikin haramin Makka da Madina kuwa babu ita sam. Ka sa tudun ƙasa ko buhunan yashi bayan kwalin, yaran masu kiwo suna ratsawa ta wajen nan, kuma darbil yana rufe maka ganin gefe.

Abu Yasir, Jidda:
Na gode Kawu, insha Allah bayan tudu nake kafawa dama. Na faɗawa abokina na haƙura, raina na so wlh amma ba na bindigata bane. Zan fara da mazaunin, sai in nemi 3-12 ko 4-16 mai gilashin 40 ko 44 da yake saukowa mita 10. Saidai inaso in leƙa ciki da idona kafin in biya, bana son oda ta intanet, a ina zan samu da yawa wuri ɗaya?

Injiniya Musa, Riyad:
In ba gaggawa kake ba jira baje kolin shaho da farauta da akeyi a Malham arewa da Riyad, shaguna da yawa suna zuwa. Ka taho ka sauka wajena muje tare, amma auno faɗin layin bindigarka kuma ka ɗauko hoton saman ta inga ko tana da ramin ƙusar.